Kakana da Na'urar da Ba Ta Kira

Wanda ya ba mu aron Kaka ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi, kuma duk can muka nufa, da mai sauri da mai jan ƙafa. Haka liman ya faɗa a ƙofar gidanmu na bakin ruwa a Yelwa, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ni jikarsa ce, shekarata goma sha shida, kuma jika tana da izinin faɗin abin da liman ba zai faɗa ba: tsohon nan ya tafi bai yi mini sallama ba, har yau ina jin haushinsa.

Ban san yana da mutane haka ba sai da ya rasu. In na ce Yauri duka ta zo, Inna za ta ce na fara, to bari in ce takalman da aka tuɓe a ƙofar zaure sun isa a buɗe rumfa biyu a kasuwa. Jirage suka zo daga gungu, tsibiran tsakiyar ruwa, cike da masunta. Manoman shinkafa suka zo kan babura daga wajen Shanga, laka har gwiwa. Wata tsohuwa Bakambara ta zo daga wajen Wara da ɗan gicciye a wuyanta, ta zauna cikin mata ta yi kukan da ya sa 'yan uwa na jini suka ji kunya suka ƙara murya. Da Inna ta tambaye ta inda ta san shi, sai ta ce, "Ni ban taɓa ganin fuskarsa ba, ɗiyata. Lambarsa na sani. Kullum ɗana yana karanta mini ita a waya."

Inna, wadda ita ce babbar 'yarsa, ba ta yi kuka a gaban mutane ba, sai dai ta wanke tukunya guda sau uku. Kawu, ƙanenta, wanda ke aikin kwamfuta a Kaduna, ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, ya tsaya a zaure kamar baƙon da ya ɓata gida. Shi kuwa Baba na Gungu, tsohon masuncin da ya yi shekara arba'in yana musu da Kaka, ya yi addu'a, ya shafa, ya tashi ya tafi gindin tsamiya ya tsaya gaban allo. Na bi shi. Bai ko dube ni ba ya ce, "To, wa za shi riƙa faɗa muna ruwa?"

Allon nan shi ne dalilin wannan rubutu, don haka bari in yi bayani. Baƙin allo ne irin na makaranta, an kafa shi jikin tsamiyar da ke inda jirage ke tsayawa. Kowace safiya ana rubuta lamba guda a kai da alli, wato tsayin ruwan tafki a gaɓarmu, sai kibiya a gefe: sama in yana hawa, ƙasa in yana sauka. A ƙarshen damina ruwa yana iya hawa cikin kwana uku ya shanye shinkafar da aka yi wata huɗu ana wahala a kanta. Wannan lambar ce ke gaya wa mai fadama ko ya yanke tasa da sauran ɗanyenta, ko ya ƙara mata mako guda ta nuna. Mutane suna ɗaukar hotonta su tura wa 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan ni nake rubuta ta, tun da ƙafafun Kaka suka fara yi masa gardama.

Lambar kuwa daga ɗakin Kaka take fitowa. Tun kafin a haife ni wasu masu aikin noman rani suka kafa wani ƙarfe a cikin ruwa bayan gidanmu, da akwati a kansa, yana auna ruwa duk bayan awa guda. Aikinsu ya ƙare, suka kwashe motocinsu, suka bar akwatin ga tsatsa da ƙadangaru. A lokacin Kaka ya dawo gida ke nan daga aikin gyaran na'urorin sadarwa, an ce ya tsufa ya huta, shi kuwa hannunsa na ƙaiƙayi. Ya kori ƙadangarun, ya ja waya cikin bututu har ɗakinsa, ya haɗa ta da wata kwamfuta wadda nake zargin ta girmi tafkin kansa. Baba na Gungu kullum yana cewa idonsa da gorarsa ta tuƙa jirgi sun fi wannan injin, amma igiyar ruwa tana ɓoye wa ido hawan yatsa guda, ita kuwa na'urar ba ta ɓoye mata. Shi ya sa mai ido da gora ya fi kowa sammakon zuwa gaban allo.

Wayar tana shiga bayan kwamfutar ta wani rami mai haƙora tara, siriyal ake ce masa. Kaka ya ce ta nan haruffa ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, kamar mutane a kan katakon shiga jirgi, ba a bi biyu-biyu. Bayan ramin akwai wani kati, a kan katin akwai wata 'yar baƙar aba mai ƙafafu da yawa kamar kaska. Aikinta ta karɓi haruffan, ta buga ƙararrawa, ta ce wa kwamfuta ta zo ta ɗauka. Shi ke nan aikin, ko akuyarmu za ta iya. Amma tamu tana da hali. In ta daɗe shiru, sai saƙo ya zo ta karɓa ta rungume, ta ƙi buga ƙararrawar. Kwamfuta tana jira a kira ta, ita kuma tana jira a zo a ɗauka, kowa ya yi zugum, sai dai a kashe a kunna. Saboda wannan jan ajin Kaka ya sa mata suna Gimbiya.

Can cikin cikin manhajar kwamfuta, a wurin da suke kira kanel, akwai rubutun da ke koya mata hulɗa da irin su Gimbiya. Direba ake ce masa. Waɗanda suka rubuta shi sun yi shi ne don na'urori masu tarbiyya, masu yin abin da littafinsu ya ce za su yi. Kaka ya shafe damina guda yana koyon wannan yaren da tsufansa, da tabarau biyu ɗaya kan ɗaya, har ya ƙara layuka goma sha wani abu na kansa. Abin da suke yi ba shi da wuyar faɗa. Ya sa agogo a ciki, sau goma a sakan guda kwamfutar tana zuwa ta leƙa Gimbiya, ko an buga ƙararrawa ko ba a buga ba. In akwai saƙo ta ɗauka, in babu ta koma.

Da idonsa ya ƙara rauni, ni na zama idon. Nakan zauna kan turmin da ya kife ya mai da kujera, ina karanta masa layukan da ƙarfi, ban san ma'anar rabinsu ba, ina jan su kamar mai sanarwar ɓatan yaro. Rediyo yake kirana, wai tun da aka haife ni ba a samu wurin kashe ni ba.

"Ke Rediyo, rage murya. Mi kika gani bayan baka ta biyu?"

"Wani ɗigo da wutsiya."

"To ya yi. Da babu wutsiyar nan da mun kwana nan."

Wata rana ya sa na tura gyaran nasa ta imel ga mutanen da ke kula da wannan manhaja a ƙasashen duniya. Ya sa sabuwar hula don a tura saƙo, wallahi. Bayan kwana tara amsa ta zo da Turanci, na fassara masa: sun gode, amma gyaran bai yi kyan gani ba, kuma ba su san wani mai irin wannan katin ba in ba shi ba, don haka ba za su sa shi cikin na kowa ba. Na zaci zai yi fushi. Sai ya yi dariya har tabarau na sama ya faɗo.

"Kin ji ko? Duk duniya ni kaɗai ke da ita. Ki ce musu na gode, kuma gaskiyarsu, mummuna ne. Amma ruwan Yauri ba shi duba kyau kafin ya hau."

Ta haka layukan nan suka zauna a wuri guda tak a duniya, cikin faifan da ke cikin tsohuwar kwamfutarsa. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Ba Gimbiya kaɗai yake leƙawa ba. Kullum bayan la'asar yakan ɗauki sandarsa ya zaga unguwa, ya ƙwanƙwasa ƙofar duk tsohon da bai gani a masallaci ko bakin ruwa ba. Ba ya zama, ba ya shan ruwa. Yakan ce, "Lafiya?" In an ce lafiya, ya wuce. Mu jikoki muna ce masa ɗan sandan tsofaffi. Sai ranar da ya ƙwanƙwasa ƙofar wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda 'ya'yanta duk suna birni, ya ji shiru, ya sa aka ɓalle ƙyauren. Ta faɗi tun safe ta karya ƙugu, ga waya a kan gado, hannunta bai kai ba. Maƙwabta suka ce ai da wani abu ne da ta kira. A hanyar gida sandar Kaka ta yi ta dukan ƙasa kamar ita ta yi laifin.

Kada ku zaci waliyyi nake ba ku labari. Yana shan shayi ba sukari a gaban Inna, ya saci ƙwayar sukari uku ya ɓoye a hula. Yana da taurin kan da in aka daka shi a turmi taɓarya ce za ta karye. Kuma shi da ya iya lallaɓa ƙarfe da dalma, ya kasa lallaɓa ɗansa.

Da Babbar Sallah ne, shekara biyu da suka wuce. Kawu ya zo da iyalinsa, ana suya a tsakar gida, ya shiga ɗakin Kaka ya tarar da shi yana hura wa kwamfutar iska da mafici. Ina kan turmina, don haka a kunnena aka yi.

"Baba, wannan fa tarkace ne. Akwai sababbi yanzu masu turo lamba kai tsaye cikin waya. Ka bari in kawo maka, a zubar da wannan."

"Ta taɓa yi maka ƙarya?"

"Ba ta yi ba. Amma lalatacciya ce, kai ma ka sani. Kana ta lallaɓa abin da ya kamata a jefar."

"To ni ma ina mantuwa, ni ma sai an lallaɓa ni. In ka tashi sayen sabuwa ka haɗo da sabon uba, sai a zubda mu tare."

Kawu ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskar Kaka sai dariyar ta tsaya, ya ce, "Baba, kai dai ba ka son a ce wani ya fi ka sani." Kafin a gama soya hanta Kawu ya loda 'ya'yansa a mota. Daga ranar bai kira Kaka ba, Kaka bai kira shi ba. In sun yi magana sai ta bakin Inna, kamar ƙasashe biyu masu yaƙi.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, Kaka ya ce, "Rediyo, ba ki da aikin makaranta da ya gagare ki?"

"Babu."

"Ki samo. Ki kira kawunki ki tambaye shi. Ki buɗe muryar wayar, kunnenki ba shi da kyau."

Kunnena da ke jin an buɗe kwanon nama daga unguwa ta uku! Amma na kira. Juma'a ta gaba ma haka, da ta gabanta. Da tambayoyin makaranta suka ƙare na fara ƙirƙira. Kawu, kwamfuta tana jin zafi in an kashe ta? Kawu, wai a Kaduna da ƙaya ake sayar da kifi ko cirewa ake? Yakan ce, "Ke wai ba ki da aiki ne?" amma yana amsawa, sannan in tambaye shi jikinsa da yara. Duk wannan lokacin Kaka yana duƙe kan wata matacciyar rediyo da ƙarfen narka dalma a hannu, wai aiki yake, filogin ƙarfen kuwa yana reto a gefen tebur ba a sa shi a wuta ba. In na kashe wayar sai ya ce, "Muryarshi ta mai mura ta. Ki ce wa uwarki ta aika mishi da zuma." Sannan ya nuna ni da ƙarfen. "In kika faɗa mishi ni ke sa ki, sai na sai da ke ga masu kifi."

Kwana uku Kaka ya yi yana jinya, zazzaɓi ne da bai yi kama da mai ɗaukar mutum ba. Ranar Talatar na ƙwanƙwasa ƙofarsa da kokon kunu, ya ce shigo. Yana kwance, fuskarsa wajen kwamfutar. Ya ce, "Nawa?" Na karanta masa lambar. Ya yi lissafi da leɓe, ya ce, "Ya fara hawa. Je ki rubuta, kada su jira." Na ce bari ka sha kunun tukun. Ya ce, "Kunu ba shi gudu. Tafi." Na tafi. Na rubuta, na ja kibiya, na tsaya na yi musu da wata mai sayar da gyaɗa kan abin da ban ma tuna ba yanzu. Da na dawo na tarar da Inna a bakin ƙofarsa, ta rufe fuska da gyale. Kunun yana nan da ɗuminsa.

A wurinmu in tsoho ya cika da tsufansa, jikoki suna da ranarsu, ba a hana su wasa da shi ko bayan ya tafi. Ranar sadakar bakwai na sa babbar rigarsa tana jan ƙasa, na kafa hularsa, na ɗora tabarau biyu, na ɗauki sanda na shiga tsakiyar mata ina ƙwanƙwasa kawunan ƙannena. "Lafiya? Lafiya? Ke, kin yi shiru, je a duba ta!" Na cire hular, ƙwayar sukari biyu suka faɗo, ban ma san suna ciki ba. Mata suka fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya koma dariya. Kawu yana tsaye bakin zaure. Ya dube ni cikin rigar ubansa, ya juya ya fita.

Washegari na same shi a ɗakin Kaka ya buɗe cikin kwamfutar. Ya ce in saurara. Faifan yana wani gurnani kamar tsohon kare. "Wannan ya kusa mutuwa," in ji shi. "In ya mutu allonku ya mutu. Bari in yi wa Baba abu guda da zai ɗore." Ya fito da sabon faifai daga jakarsa, ya sa masa sabuwar manhaja fes, ya bar katin Gimbiya a wurinsa tun da ta nan kaɗai ma'aunin ke magana. Tsohon faifan ya naɗe shi a hankicin Kaka ya sa cikin akwati. Da ya kunna, lamba ta fito. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ni ma na yi murna, ban tuna da komai ba. Da kyakkyawar niyya aka yi, ina so a rubuta wannan.

Kwana biyu lafiya lau. A safiya ta uku na shiga na ga lambar jiya da yamma ce a tsaye, babu sabuwa. A makon nan kuwa an yi ta ruwa a arewa, tafkin ya yi ja, ciyayi da itatuwa suna wucewa a kai. Na fita gindin tsamiya da alli a hannu ba abin rubutawa. Mutum kusan ashirin suna jira. Wani manomi daga Shanga, wanda ya bar masu yanka a gona suna jiran kiransa, ya ce, "Jikar Malam, in yanke ko in bari? In na yanke yau rabinta ƙaiƙayi ne. In na bari ruwa ya zo, ko ƙaiƙayin ban samu." Baba na Gungu ya soka gorarsa a ruwa ya duba, ya sake dubawa, ya ce igiyar ruwa ta yi yawa, ba zai ɗauki alhakin gonar mutum ba.

Kawu ya bi waya tun daga ɗaki har bakin ruwa, lafiyarta lau. Ya shiga jirgi ya duba batirin akwatin, da wuta. Ya kashe kwamfutar ya kunna, lamba guda ta shigo, muka yi ajiyar zuciya, bayan awa biyu ta sake ɗaukewa. Lamba guda kuwa ba ta ba da kibiya, sai an jera su ake sanin inda ruwa ya nufa. Ranar allo ya wuni babu komai, karo na farko tun da na yi wayo. Washegari da safe, ranar da zai koma Kaduna, Kawu ya zauna bakin gadon Kaka ya ce wa Inna, "Katin ne ya mutu, Yaya. Irinsa kuma ba a yi yanzu. Lambar da ba za a dogara da ita ba gara babu ita. Zan sa a cire allon kada mutane su riƙa zuwa a banza."

A nan ne abin ya faɗo mini, kamar an watsa mini ruwan randa.

"Kawu, ba ta mutu ba. Jan aji take. Saƙon yana hannunta, jira take a zo a ɗauka."

"Ke, ba lokacin wasa ba ne."

"Wallahi ba wasa nake ba. Sunanta Gimbiya. Kaka ya sa agogo a cikin direba yana leƙa ta sau goma a sakan, kai kuma ka naɗe agogon a hankici ka sa a akwati."

"Gimbiya," in ji shi, ya dubi Inna. "Kin ji ko? Jiya ta ce mini ta ga kifin da ya kai girman ƙofar zaure."

Na faɗa, ba zan musa ba. Shekara goma sha shida ina ƙara wa zance gishiri, ranar da na zo da shi ba gishiri aka ƙi saye. Hawaye suka zo mini don haushi. Sai Inna ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Auta, ka saurare ta. Tana da ƙari, kowa ya sani. Amma ba ta taɓa ƙari a kan Baba ba."

Ya daɗe yana kallon akwatin kafin ya buɗe. Ya haɗa tsohon faifan da tasa kwamfutar ta hannu, ya ce a cikin dubban rubutu ina zai nema. Na ce ya nemi sunanta. Ya buga haruffan yana girgiza kai. Sai ga shi ya fito, layuka huɗu na Hausa a tsakiyar wancan yaren, waɗanda na karanta wa Kaka har na haddace:

Kada a cire wannan.
Gimbiya takan riƙe saƙo ta ƙi kira.
Shirunta ba shi nufin ba ta da magana.
A riƙa zuwa ana duba ta ko ba ta kira ba.

Kawu ya karanta, ya gangara ƙasa ya karanta layukan agogon a hankali, yatsansa yana bin su. Ya ce, "Mummuna ne." Ya sake karantawa. "Amma daidai ne. Ni da na yi wata ina nema ban gano ba." Ya fara kwafe su zuwa sabon faifan. A wani wuri ya tsaya, na ga yana son ya gyara jerinsu su yi kyau, sai ya janye hannunsa ya bar su yadda mai su ya bari, har da Hausar. Kwamfutar ta shiga zubo rubutu tana haɗa kanta, ya ce sai mun jira kusan awa guda.

Muna jira, bai dube ni ba, ya ce, "Kiran nan naki na Juma'a."

Na kama kallon rubutun da ke zuba.

"Kifi da ƙaya. Kwamfuta tana jin zafi."

"An ce in na faɗa za a sayar da ni ga masu kifi."

"Yana ina in kina kira?"

Na nuna masa kujerar, da matacciyar rediyon, da ƙarfen dalma da filoginsa ke reto har yanzu. "Nan. Aiki yake, wai." Kawu ya tashi ya ɗauki filogin ya riƙe a tafin hannunsa. Ya ce zumar da Inna ke aikowa fa? Na ce ita ma. Sai ya zauna kan turmina, babban mutum mai 'ya'ya uku, ya kifa kai a gwiwa. Inna ta ja ni waje ta rufe masa ƙofa.

Ya fasa tafiya ranar. Lambar farko ta shigo da azahar, ta biyu ta biyo ta, ta uku ma, ba wadda ta maƙale. Kafin la'asar mun ga ruwa ya hau fiye da taƙi guda tun shekaranjiya, kuma bai tsaya ba. Na ruga gindin tsamiya ba takalmi, na rubuta lambar, na ja kibiya sama mai tsawon da ta fita daga allo ta hau jikin itace. Wannan karon ba wanda ya ce na ƙara. Babura suka watse. Mutumin Shanga ya yanke tasa cikin kwana biyu, a na huɗu ruwa ya rufe inda take. Ba kowa ya tsira da duka ba, wasu kwanan da muka yi shiru ya ci musu gefen gona, kuma na san da haka duk lokacin da na wuce su. Baba na Gungu ya dubi kibiyar ya ce shi dama idonsa ya gaya masa.

Yanzu layukan Kaka suna wuri uku ban da tsohon faifan: a sabon faifan, a kwamfutar Kawu, da kuma bayan littafina na lissafi, inda na kwafe su da biro har da ɗigo mai wutsiya. Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wayar Inna ta yi ƙara, aka ce ni ake nema. Kawu ne. Ya yi gyaran murya ya ce, "Rediyo, wai a Yelwa da ƙaya ake sayar da kifi ko cirewa ake?" Na ce da ƙaya, Kawu, kuma lafiyarmu lau, Inna ma lafiya, muryarka ce dai ta yi kama da ta mai mura.

Ɗakin yana nan yadda yake. Hular tana kan ƙusa, na mayar mata da sukarinta. Kwamfutar tana aiki, kuma a cikinta, sau goma a kowane sakan, abin da Kaka ya rubuta yana zuwa ƙofar Gimbiya ya tambaye ta lafiya. Ita takan amsa. Ni sau ɗaya nake zuwa, da safe, in ɗauki lamba. Na san ba kowa a ciki, ni ce ma ke riƙe da makullin. Amma sai na ƙwanƙwasa, in ɗan tsaya, kafin in buɗe.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa taurin kai da satar sukari, ya sa a riƙa leƙa shi da rahama inda yake kwance ko bai kira ba. Baba na Gungu yana can gindin tsamiya yana jira, bari in je. Yau kibiyar ƙasa take kallo.